Bazarar Ƙanwata

A duk faɗin Wurno mutum ɗaya na sani mai son bazara, ita ce ƙanwata, autar ɗakinmu. Sauranmu jure ta kawai muke yi. Wanda bai taɓa yin bazara a ƙasarmu ba, da wuya ya gane abin da nake faɗi. Tun hantsi ƙasa ba ta takuwa sai da takalmi, ruwan randa ya yi ɗumi kamar an sauke shi daga murhu, kaji su buɗe baki suna haki a gindin rumbu. Idan ka ce wa mutum "Ina zafi?" sai ya ce "Lokacinai na," yana fifita da bakin riga. Ƙanwata kaɗai za ka yi wa wannan gaisuwa ta washe baki ta ce, "Lahiya lau, Allah shi ƙaro." Tsofaffin unguwa har tsayar da ita suke yi don su ji ta faɗa su yi dariya.

Ba iya shege take yi ba. Amosanin jini ne da ita, wanda yanzu kowa ke ce wa sikila. Da zarar sanyi ya sauka, ƙasusuwanta sun fara ke nan. Ciwon yakan kama ta a gwiwa ko a baya, ta dunƙule a kan tabarma tana cizon zanen Inna, mu kuwa mu tsaya a kanta ba abin da muke iya yi sai sannu. Damina ma ba ta ƙyale ta, in hadari ya haɗu aka yi iskar ruwa. Bazara ce kaɗai take sakin ta. A watannin nan take yin ƙiba kaɗan, ta je makaranta, ta yi tsalle-tsalle da sa'o'inta, har ta samu ƙarfin yi mini rashin kunya.

Abin da ya sa lamarin ya fi ciwo, gidanmu da sanyi yake ci. Baba manomin fadama ne, albasa da tafarnuwa yake yi a bakin gulbi, ya kai kasuwar Goronyo. A wurinmu lokacin ɗari ne fadama ke yin kore shar, kuma in sanyi ya daɗe albasa ta fi yin kai. Duk manomin rani addu'arsa ke nan, Allah ya ja kwanan sanyi. Na taso ina jin Baba yana faɗin haka a zaure. Daga baya na lura ya daina. Idan abokansa suka ce sanyin bana ya yi kyau, sai ya ce "Hakanan na," ya kawo wata maganar.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare littafin ya shigo gidanmu. Malaminmu na Turanci, wani siririn mutumin Rabah mai haƙurin da ni dai ban gada ba, ya zo da wasu tsofaffin littattafai a kwali ya ce za mu riƙa karanta ɗaya a aji. Ya ce yaran ƙasashe da yawa da shi suka girma. Bangonsa ya cire, takardun sun yi ja. Labarin wani yaro ne a wata ƙasa mai tsananin sanyi, da wani itace a bayan gidansu wanda ban san irinsa ba har yau. Sanyi ya zo, itacen ya zubar da ganye ƙaf, tsuntsaye suka gudu. Uban yaron ya ce itacen ya mutu, a sare a hura wuta. Yaron ya roƙi a dakata har wani lokaci ya zo. Sunan wannan lokaci, wata gajeriyar kalma, shi ne ya cika littafin. Kowa a cikinsa jiran sa yake yi, tsoho da yaro, har dabbobi.

Wani ya ɗaga hannu ya tambayi ma'anar kalmar. Malam ya buɗe ɗan ƙamusunsa, ya bi da yatsa, ya ce, "Bazara."

Aji ya fashe da dariya. Ni na fi kowa, don a lokacin bakina ba ya da linzami. Na ce, "Malam, su mutanen ga lahiyassu ƙalau? Wa ka jiran bazara? A kawo su Wurno su yi sati guda, mu gani in za su sake rubuta littahi." Malam bai ji haushi ba. Ya ce tasu bazarar ba lallai ta zama irin tamu ba, amma wa ya saurare shi? Mun riga mun samu abin dariya. Daga ranar, duk wanda ya yi wauta a aji sai a ce masa mai jiran bazara.

Da yamma na kai labarin gida don in ba su dariya. Farkon sanyi ne, ƙanwata na kwance a tsakar gida inda sauran rana ke taɓawa, an lulluɓe ta da bargo. Na kwashe komai na faɗa, ina kwaikwayon Malam da ƙamusunsa. Inna ta yi murmushi tana tankaɗe. Ƙanwata kuwa ko gezau. Ta ɗago kai ta ce, "Yaya, shi wanda yar rubuta, ƙashinai na ciwo?"

Na ce, "Ina ni san ƙashinai? Ɗan'uwana na?"

Ta ce, "Shina da ciwon ga. In ba haka ba, mi za shi sa shi san daɗin bazara?"

Ta ce in aro mata littafin. Na ce da Turanci yake, ita kuwa ko baƙaƙen ba ta gama haɗawa ba saboda yawan fashin makaranta. Ta ce ai ni ina da baki. Washegari na je wurin Malam ina sosa ƙeya, ni da na yi wa littafinsa dariya, na ce a ba ni aro. Ya dube ni ta saman tabarau, ya miƙo mini.

Haka muka shiga karatun. Kullum na dawo makaranta na ci tuwo, sai mu zauna a jikin bangon da rana ke duka, in karanta layi a zuci in juya mata da Hausa. Fassarar tawa dai sai a hankali. Inda na gane in faɗa, inda ban gane ba in ƙirƙira, kuma tana kama ni. "Jiya ka ce karen baƙi na, yau ya koma ja?" Sai in ce in ba ta so ta karɓa ta karanta da kanta. Can sai ta taɓa ni da ƙafa ta ce, "Yi haƙuri, ci gaba." Ƙanƙarar da ke rufe gidaje ba ta dame ta ba, ta ce wannan ƙaryar masu littafi ce. Abin da ya kama ta shi ne yadda mutanen ke zama a ɗaki suna ƙosawa da sanyi, suna leƙen taga. Da na karanta inda yaron ya kankare ɓawon itacen da farce ya ga ɗanye a ciki, sai da ta sa na maimaita.

Ni ma, in faɗi gaskiya, littafin ya fara shiga raina, ko da yake ban yarda na nuna a aji ba. Kafin nan ban taɓa tsayawa na kalli itace don kallo ba. Itace a wurina inuwa ne, ko makamashi, ko abin da ake hawa a tsinko. Sai ga ni a hanyar fadama ina duba gawo, ina mamakin yadda shi yake yin ganye lokacin da saura ke zubarwa. Ranar da na gaya mata, ta ce ashe gawo ɗan gidan Baba ne, shi ma sanyi yake so.

Ana haka Baba ya sari wani reshen cediya a hanyar gulbi, ya sassabe shi, ya kafa a kusurwar tsakar gida don ɗaure akuyar Inna. Turke ne kawai, guntun icce da bai wuce ƙugu ba. Ƙanwata ta ja jiki ta je ta kankare shi da farce. Ta kira ni da ƙarfi har na zaci ciwo ne. "Yaya, ɗanye na! Nawa na wanga." Na ce mata turken akuya ne. Ta ce yaron littafin ma an ce masa makamashi ne.

Tun daga ranar ba a zubar da ruwan alwala ko'ina sai a gindin turken. In tana da ƙarfi ta kai da kanta a buta, in ba ta da shi ta sa ni, in kai ina ƙunƙuni. Akuyar ta dame ta da goga ƙaho a jikinsa, suka zama abokan gaba. Da ta kai ƙara wurin Baba, ya ce cediya takan kama in Allah ya so, amma sai zafi ya shigo ake gane wadda ta kama. Ta dube ni ta ce, "Ka ji ko? Sai bazara."

Mun kusa kai ƙarshen littafin lokacin da na juya shafi na ga sabon babi, kalmar nan a samansa da manyan baƙaƙe. Na ce mata, "To ga bazararki ta iso." Sai ta ɗora tafin hannunta a kan shafin ta rufe. Hannun siriri, idon farcen ya yi fari.

Ta ce, "Kak ka karanta."

Na ce, "Don mi? Nan na daɗin yake."

Ta ce, "Su tasu ta zo, mu tamu ba ta zo ba? A'a. Mu jira su zo tare. Ran da turkena yay yi ganye, sai ka karanta min nasu. Kuma kai ma kak ka leƙa."

Na yi faɗa, na ce littafin aro ne, mutane na jira. Ta ce ai na ce duk ajinmu dariya suke yi masa. Ta sa na yi alkawari, ta ciro zare daga bakin bargonta ta sa a wurin, ta tura littafin ƙarƙashin matashinta. A makaranta kuwa an bar shi tuni, jarrabawa ta matso an koma nahawu, don haka ba wanda ya ɓata mini ƙarshen. Da na gaya wa Malam dalilin da ban mayar ba, sai ya ce in riƙe har lokacin da muka gama.

Sanyin shekarar ya yi tsawo. A fadama murna ake yi, albasa ta yi kai irin wanda aka daɗe ba a gani ba. A gidanmu kuwa ciwon da ke zuwa ya tafi, wannan karon ya zo ya zauna. Ta daina fita shan hantsi. Idonta ya yi ɗorawa, numfashi ya fara yi mata wuya. Kowace safiya in na shiga gaishe ta, tambayarta ɗaya ce: "Ya yi?" In fita in duba, in dawo in ce bai yi ba tukuna. Wata rana na gaji da ganin fuskarta in na faɗi haka, na ce ta bari in karanta mata ko shafi ɗaya, ai ba wanda zai sani. Ta harare ni da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta ce, "Kai dai ba ka da haƙuri, Yaya. Saura kaɗan."

Gaskiyarta, saura kaɗan ne. An riga an fara yaye bargo da asuba, masu shayi sun fara rage wuta. Baba ya bar albasarsa a hannun maƙwabci aka kai ta asibiti, aka ƙara mata jini, ma'aikatan suka yi iya yinsu. Ta yi kwanaki a can. Ranar wata Talata da hantsi, ina aji, aka aiko a kira ni. Tun daga ganin wanda aka aiko na san abin da ya faru.

Ba zan iya bayyana kwanakin da suka biyo baya ba, kuma ba na so. Abin da na fi tunawa shi ne haushi. Haushin sanyi, haushin albasar da aka tara a zaure tana ta ƙamshi, haushin masu gaisuwa da ke cewa ta huta. Na san gaskiya suke faɗi, amma ji nake kamar in rufe su da duka. Littafin na nan inda ta bar shi. Inna ta ɗauke shi da matashin gaba ɗaya ta ɗora a kan akwati, ba wanda ya taɓa.

Ban san ranar da Inna ta kwance akuyar daga turken ba. Na dai wayi gari na ga an mayar da ita bayan ɗaki, an kewaye turken da ƙaya. Inna ba ta taɓa zama jin karatunmu ba, kullum tana kan aiki, ashe kunnenta na wurin. Na kuma lura ƙasar gindinsa kullum a jiƙe take, alhali ni ban ƙara zuba masa ko ɗigo ba.

Bazara ta shigo da ƙarfinta, irin wadda ake kwana a waje ana juyi. Wata rana bayan azahar na dawo makaranta, gumi har cikin ido, na tarar da Inna tsugune a kusurwar. Ba ta juyo ba ta ce, "Taho ka gani." A jikin busasshen turken nan, kusa da inda igiya ta ci, wasu 'yan tsiro sun ɓullo, jajaye-jajaye, ɗaya har ya buɗe ya zama ganye, bai kai kunnen ɓera ba. Na tsaya ina kallo. Ta ce, "Ɗauko littahin. Alkawali ka yi."

Na ɗauko, na zauna a ƙasa kusa da ita, na buɗe inda zaren bargon yake. Na fara karantawa a zuci don in juya, sai na ji harshena ya yi nauyi. Bazarar da ke cikin littafin ba zafi a cikinta. Yayyafi ake yi kwana da kwanaki. Ƙasa ta jiƙe, ciyawa ta tsiro, rafi ya kawo, iska mai sanyi-sanyi na kaɗawa, yaron na gudu cikin ruwa ba riga mai nauyi yana ihu. Abin da suke jira ashe ya fi kama da farkon daminarmu, da ragowar sanyi a ciki. Irin yanayin da in ya zo, ƙanwata takan shige ɗaki ta dunƙule. Marubucin da ta ɗauka ɗan'uwanta ne a ciwo, lafiyarsa ƙalau. Abin da Malam ya so gaya mana ke nan ranar da muka hana shi da dariya.

Inna ta ce, "Ka yi shiru. Iccen nasu ya mutu?"

Na ce, "A'a, ya yi ganye. Har da hure."

"To mi ne?"

Na ce, "Inna, tasu bazarar ba irin tamu ba ta. Ruwa a kai, da sanyi. Da ta je can, ciwo za ta yi."

Inna ta kai yatsa kusa da ganyen, ba ta taɓa ba. Sannan ta ce, "To karanta mata da tamu."

Haka na yi. Na zauna cikin ranar nan mai narka mutum, na karanta wa Inna da turken akuya babin ƙarshe. Inda aka ce yayyafi na ce rana, inda aka ce iska mai sanyi na ce zafi ya buɗe har ƙashi ya saki. Na sa yaron ya yar da bargo ya fita tsakar gida, ba inda ke yi masa ciwo. Ba wanda ya kama ni a wannan karon, kuma a nan ne kukan da ban yi ba ranar jana'iza ya zo mini. Inna ta bar ni na yi har na gaji.

Na mayar wa Malam littafinsa a ƙarshen zango. Ya tambaye ni ko mun gama. Na ce mun gama.

Cediyar tana nan a gidanmu na Wurno, ta fi ɗakin Inna tsawo, saiwarta har ta fara tsaga bango. Baba ya rasu bai yarda an rage mata ko reshe ba. Inna ta tsufa, a ƙarƙashinta take wuni.

Bara 'yata ta fari ta zo da littafin nan daga makarantarsu, sabo fil, da bango mai hoto. Ita da ƙawayenta sun haukace a kansa, har sun shuka wake a gwangwani suna auna shi kowace safiya. Ta ce in karanta musu da Hausa don ƙannenta su ji. Da na iso kalmar na ce bazara, sai ta tare ni. "Baba, ba bazara ba ce. Malamarmu ta ce kuskure ne, mu ba mu da irin wannan lokacin." Yarinyar ta fi ni Turanci, kuma gaskiya ta faɗa. Na ji tsohon haushin nan ya taso mini, na danne shi. Na ce mata na sani, na daɗe da sani. Ta ce to me ya sa nake faɗa? Na ce ta bari sai mun je Wurno hutu, akwai abin da zan nuna mata.

Mun je cikin tsakiyar zafi. Muka tarar da Inna a gindin cediyar, sabon ganye ya rufe ta. 'Yata ta durƙusa ta gaishe ta, tana share gumi, ta ce, "Inna, ina zafi?"

Inna ta ɗaga kai ta dubi ganyen, ta ce, "Lahiya lau. Allah shi ƙaro."